Ciwon suga nau'i na biyu: Yadda ake karɓar sa da yadda ake zama da shi kullum

Daga Ƙauyen Alu zuwa ƙofar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya tafiya ce ta 'yan mintuna a Adaidaita Sahu. Haka abin yake ga mazauna Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwa Uku da Darmanawa da Daurawa, duk a Ƙaramar Hukumar Tarauni. Mutanen wannan yanki suna maƙwabtaka da ɗaya daga cikin manyan asibitocin Arewa, wanda aka kafa a 1988. Sai dai ciwon suga nau'i na biyu ba ya la'akari da kusancin gida da asibiti, domin yakan yi shekaru a jikin mutum yana ɓarna a ɓoye, mai shi yana ta harkokinsa. Ƙungiyar Masu Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 537 ne ke ɗauke da cutar a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka, kuma fiye da rabin na Afirkan ba su san suna da ita ba.

Ɗaya daga cikin alƙaluman da aka fi ambata game da Najeriya daga nan Kano ya fito. A 2018 Farfesa Andrew Uloko, likitan wannan fanni a asibitin na Malam Aminu Kano da Jami'ar Bayero, tare da abokan aikinsa, suka tattara binciken da aka yi a sassan ƙasar nan suka auna su gaba ɗaya. Sun samu cewa kashi 5.77 cikin 100 na 'yan Najeriya suna da ciwon suga, wato kimanin mutum miliyan 11. Binciken ƙasa da aka yi a 1992 kashi 2.2 ya nuna. Shiyyar Arewa maso Yamma ce ta fi ƙaranci a lissafin nasu, da kashi 3 cikin 100, amma kada wannan ya sa ɗan birni ya saki jiki. Abubuwan da binciken ya lissafa a matsayin masu jawo cutar su ne zaman birni da rashin motsa jiki da yawan shekaru da irin abincin da ake ci. Wanda ya duba da kyau zai ga hoton ɗan kasuwar da ke wuni zaune a kan benci a Kantin Kwari ko Singa, da na ma'aikacin da ke wuni a kujera a Sakatariyar Audu Baƙo, aka zana.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Duk abincin da ke da sitaci, ko tuwo ne ko shinkafa ko burodi ko rogo, idan ya narke a hanji suga yake komawa ya shiga jini. Wannan ba cuta ba ce, da shi jiki ke aiki. A bayan tumbi akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas, ita ce ke fitar da sinadarin insulin, wanda aikinsa shi ne buɗe wa sugan hanya ya fita daga jini ya shiga tsoka da hanta inda ake bukatarsa. A nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa, gaɓar takan daina fitar da insulin ɗin, don haka dole a riƙa yin allurarsa tun daga farko. A nau'i na biyu kuwa, wanda shi ne ke damun fiye da mutum tara cikin goma na masu ciwon suga, insulin ɗin yana nan amma jiki ya daina jin maganarsa yadda ya kamata. Sai gaɓar ta ƙara ƙoƙari, tana fitar da ninki, har bayan shekaru ta fara gajiya. Daga nan suga ke taruwa a jini.

Idan ya taru ya wuce abin da ƙoda za ta iya riƙewa, sai ta fara zubar da shi a fitsari, shi kuma ya ja ruwa ya tafi da shi. Dalilin yawan fitsarin dare ke nan, da ƙishirwar da ba ta yankewa, da rama alhali ana ci. Tsofaffi sukan ce a duba ko kiyashi na taruwa a inda aka yi fitsari. Likitocin Indiya na zamanin da ma da wannan suke gane cutar. Matsalar ita ce ƙoda ba ta fara zubar da suga sai ya kai wajen 10 a ma'aunin asibiti, alhali daga 7 aka riga aka shiga cutar. Mai jiran kiyashi ya ba shi labari zai ji shi a makare.

Ya kamata a san ma'aunin, domin yana rikita mutane. Na'urorin gwaji iri biyu ne: wasu suna nuna ƙananan lambobi irin su 5 ko 7 ko 11, wasu kuma manya irin su 90 ko 126 ko 200. Abu ɗaya suke aunawa. Idan aka ninka ƙaramar lambar sau 18 za a samu babbar. Wanda aka gwada da safe kafin ya ci komai aka samu 7.0 ko fiye, wato 126 a ɗaya ma'aunin, kuma aka maimaita a wata rana aka sake samun haka, yana da ciwon suga. Haka wanda aka samu 11.1 ko fiye, wato 200, a kowane lokaci tare da alamomin da aka ambata. Akwai kuma gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan jini na wata biyu zuwa uku da suka wuce. Idan ya kai kashi 6.5 an shiga cutar. Wannan gwaji ba a yi masa wayo: wanda ya ƙaurace wa shayi kwana biyu kafin ranar ganin likita zai iya samun lamba mai kyau a gwajin safe, amma HbA1c zai tona shi.

Ranar da aka faɗa wa mutum

Nan ne yawancin mutane ke yin asarar lokaci mafi tsada. Mutum ya je asibiti da zazzaɓi ko maruru, aka gwada shi, aka ce masa yana da suga. Abu na farko da ke zuwa zuciya shi ne musu. Sai ya tuna ya sha lemo jiya, ko ya ce na'urar ce ba ta da kyau. Wani yakan karɓi maganin ya sha na mako biyu, ya ji ƙarfi ya dawo, ya ajiye. Wani kuma tsoro ke kama shi, domin abin da ya sani game da ciwon suga shi ne kawunsa da aka yanke wa ƙafa ko gwaggonsa da ta makance. Duk waɗannan halaye ne na ɗan Adam, kuma babu abin kunya a cikinsu. Abin da ke da haɗari shi ne a daɗe a cikinsu, domin jijiyoyin ido da na ƙoda ba sa jiran mutum ya gama shawara da zuciyarsa.

Akwai kuma nauyin da jama'a ke ƙarawa. Magidancin da ya rame cikin 'yan watanni ya san irin kallon da ake yi masa a majalisa da irin cutar da ake raɗa cewa ita ce. Mace takan ɓoye don gudun gorin kishiya ko na dangin miji. Saurayi ko budurwa sukan ji tsoron kada maganar aure ta lalace. Sannan akwai abin da maza ba sa son faɗa ko ga likita: ciwon suga da ya daɗe ba a kula da shi ba yana raunana jijiyoyin mazakuta. Da yawa sukan ɗora laifin a kan basir ko sanyi, su yi ta sayen haɗe-haɗe a bakin tasha, alhali gwajin jini na minti biyu zai nuna inda gizo ke saƙa. A ganina wannan shiru yana cikin manyan dalilan da ke sa maza zuwa asibiti a ƙurarren lokaci.

Karɓar cutar yana farawa ne da fahimtar abu biyu. Na farko, ba hukunci ba ne na kwaɗayin zaƙi. Gado yana da babban hannu a ciki, shi ya sa za a ga mutum biyu suna cin abinci a kwano ɗaya shekara ashirin, ɗaya ya kamu ɗaya bai kamu ba. Na biyu, makanta da yanke ƙafa da wankin ƙoda ba dole ba ne su zo. Sakamako ne na suga da hawan jini da aka bari suka yi shekaru a sama. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya na tsawon shekara 20, aka fitar da sakamakonsa a 1998, ya tabbatar da cewa sauke sugan jini da sauke hawan jini suna rage lalacewar ido da ƙoda ƙwarai. Wanda ya gane wannan zai daina kallon takardar asibiti a matsayin sammacin mutuwa, ya fara kallon ta a matsayin lissafin da za a riƙa bi kullum, kamar yadda ɗan kasuwa ke bin littafin shagonsa.

Yana da kyau a faɗa wa mutum biyu ko uku: wadda ke dafa abincin gida, da abokin zama a shago ko ofis, da wanda ake yawan tafiya da shi. Ba don neman tausayi ba, sai don ranar da suga zai faɗi ƙasa a samu wanda ya san abin yi. Wanda kuma ya ga baƙin ciki ya ƙi barinsa, barci ya ƙaurace masa, ya daina jin daɗin komai, ya faɗa wa likita. Ciwon damuwa ya fi yawa a tsakanin masu ciwon suga, kuma mai damuwa ba ya iya riƙe ƙa'idar magani.

Kwanon abinci

Babu tambayar da ake yi kamar ta abinci, kuma babu inda ake yaɗa kuskure kamar nan. Da an ce mutum yana da suga sai 'yan uwa su yanke masa hukuncin alkama da acha da wake har abada. Ya yi wata uku yana cin tuwon alkama safe da dare, ya gaji, ya yi fushi, ya koma cin komai. Gaskiyar ita ce alkama ma sitaci ce, kuma malmala uku na tuwon alkama za su ɗaga suga fiye da malmala ɗaya ta tuwon dawa. Garin da aka niƙa ya yi laushi sosai aka tankaɗe dusarsa, ko na wane hatsi ne, yana saurin komawa suga. Abin lura shi ne yawan abin da aka zuba, da yadda aka sarrafa shi, da abin da aka haɗa shi da shi.

Ƙa'idar da masana abinci ke koyarwa mai sauƙi ce: a raba faranti, rabi ganye da kayan lambu, kwata nama ko kifi ko ƙwai ko wake, kwata kuma tuwo ko shinkafa. A yaren gidajenmu, ma'anarta ita ce a juya al'ada, miya ta fi tuwo yawa. Malmala ɗaya gwargwadon dunƙulen hannun mai ci, da miyar kuka ko kuɓewa ko alayyafo ko karkashi mai yawa. A nan Bakano ba shi da uzuri, domin abin da ake nema yana jibge a kasuwar Tarauni da 'Yankaba: zogale, rama, kabeji, latas, gauta, yalo, kokwamba. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, idan ba a barbaɗa masa sukari ba, abinci ne da mai ciwon suga zai ci ya ƙoshi. Dambun da ganyensa ya rinjayi tsakinsa ya fi farar shinkafa da miya. Shinkafa da wake, idan waken ya fi yawa, ta fi shinkafa zalla.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne abin sha. Yawancin lemon kwalba yana ɗauke da kimanin giram 10 na sukari a kowane mililita 100, wato kwalbar roba ta rabin lita tana da kusan giram 50. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giram 50 ɗin nan, kimanin ƙaramin cokali 12, shi ne iyakar abin da lafiyayyen babba zai sha a yini guda, kuma ta fi son a tsaya a rabinsa. Gwamnatin Tarayya ta sanya harajin Naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha a Dokar Kuɗi ta 2021, amma Naira 10 a yau ba ta hana kowa komai. Kuma harajin bai shafi zoɓo da kunun aya da lamurje da ake ƙullawa a gida ba, waɗanda sukarinsu wani lokaci ya fi na kamfani. Shayin mai shayi, da madarar gwangwani mai zaƙi da cokali uku na sukari da rabin burodi, karin kumallo ne da zai kai suga sama tun kafin a buɗe shago. Lemon malt da ake kai wa marar lafiya dubiya shi ma cike yake da sukari.

Fura da nono tana bukatar a yi mata adalci. Gero ne da nono, kuma nono marar sukari abu ne mai kyau. Sai dai fura dafaffen gari ce da aka dama, tana wucewa da sauri, kuma ba a cika shan ta kaɗan ba. Wanda ba zai iya rabuwa da ita ba ya rage furar, ya yawaita nonon, ya bar sukari, ya ɗauke ta a matsayin abincin wannan lokaci gaba ɗaya maimakon abin korawa bayan tuwo. Koko da kunu ma haka. Zuma kuwa, duk da darajarta a wurinmu, tana ɗaga sugan jini kamar yadda sukari ke yi, kuma wanda ya musanya cokali uku na sukari da cokali uku na zuma bai rage komai ba. Dabino ɗaya ko biyu ba laifi, cin tafin hannu guda shi ne matsala. 'Ya'yan itace a ci su da ɓargonsu da zarensu, lemon zaƙi ɗaya ko gwaiba, maimakon a matse guda biyar a kofi.

Hanya mafi inganci ta sanin abin da wani abinci ke yi wa mutum ita ce ya gwada jininsa awa biyu bayan ya ci. Ga mafi yawan masu cutar, ana son lambar safe ta tsaya tsakanin 4.4 da 7.2, ta bayan cin abinci kuma kada ta wuce 10. Tsinken gwaji yana da tsada, don haka wanda ba ya allurar insulin ba sai ya yi kullum ba. Ya zaɓi ranaku, ya riƙa sauya lokaci, ya rubuta lambar da abin da ya ci a ɗan littafi. Cikin wata biyu zai san abincin gidansa fiye da yadda kowane likita zai gaya masa.

Tafiya da ƙafa ita ce maganin da ba a saya. Ana son minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, da saurin da zai sa numfashi ya ɗan ɗaga. A zafin Kano, bayan Asuba ko bayan La'asar ne lokacinta. Ko tafiyar minti goma bayan cin abinci tana rage hawan suga, domin tsokar da ke aiki tana jan suga daga jini. Wani bincike a Amurka da aka fitar a 2002 ya nuna cewa mutanen da ke dab da kamuwa, da suka rage ƙiba kaɗan suka riƙi motsa jiki, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. A Birtaniya kuma, a 2017, kusan rabin masu ƙiba da ba su wuce shekara shida da cutar ba, da aka sa su a tsarin rage nauyi mai tsanani ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, sugansu ya koma daidai ba tare da magani ba bayan shekara guda. Likitoci suna kiran wannan lafawa, domin yana dawowa idan ƙibar ta dawo. Kuma a Afirka akwai masu nau'i na biyu da yawa da ba su da ƙiba tun asali, waɗanda rage nauyi ba shi ne maganinsu ba.

Magani da kuɗinsa

Maganin da aka fi farawa da shi shi ne metformin, wanda wani likitan Faransa, Jean Sterne, ya fara amfani da shi a kan masu ciwon suga a 1957. Yana rage sugan da hanta ke zubawa a jini. Yakan ɗan ɓata ciki a makonnin farko, shi ya sa ake shan sa tare da abinci. Akwai wani rukunin, irin su glibenclamide da glimepiride, da ke matsa wa fankiriyas ta ƙara fitar da insulin. Waɗannan su ne ke da haɗari ga wanda ya sha da safe ya fita kasuwa bai karya ba, ciniki ya ɗauke masa hankali har Azahar. Suga yakan faɗi ƙasa da 3.9, wato 70, sai rawar jiki da gumi da bugun zuciya da yunwa mai tsanani su taso, wani ya rikice kamar mai maye. A nan sukari shi ne magani: babban cokali ɗaya a ruwa, ko rabin kofin lemo, a jira minti 15 a sake gwadawa, sannan a ci abinci. Idan mutum ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti.

Idan likita ya ce lokacin insulin ya yi, mutane da yawa sukan ɗauka ƙarshe ne ya zo. Cutar ce ke tafiya da shekaru, fankiriyas tana ƙara gajiya, kuma allurar tana mayar wa jiki abin da ya rasa ne kawai. Tun 1922 ake ceton rayuka da ita, bayan da Frederick Banting da Charles Best suka fitar da sinadarin a Toronto ta Kanada a 1921. Ranar haihuwar Banting, 14 ga Nuwamba, ita ce Ranar Ciwon Suga ta Duniya. Damuwar da ta fi dacewa da mu ita ce ajiya, ga zafi ga rashin wuta. Kwalbar da ba a buɗe ba firiji take so, amma ba wurin ƙanƙara ba. Wadda aka fara amfani da ita takan yi kimanin mako huɗu a wuri mai sanyi-sanyi. Wani bincike da ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Geneva suka fitar a 2021, bisa yanayin wani sansanin 'yan gudun hijira a Kenya, ya nuna insulin bai lalace ba cikin mako huɗu a zafin da ke kaiwa da komowa tsakanin digiri 25 da 37. Dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, tana taimakawa a nan, muddin an sa kwalbar a cikin abin da ruwa ba zai shiga ba. Abin gudu shi ne aljihun mota da bakin taga.

Kuɗi shi ne ƙashin bayan matsalar. Tun da darajar Naira ta faɗi a tsakiyar 2023 farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabi, kuma a wannan shekarar kamfanonin GSK da Sanofi suka sanar da daina gudanar da harkokinsu kai tsaye a Najeriya. A watan Yunin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan umarnin cire haraji daga kayan haɗa magunguna. Ga ma'aikacin da mafi ƙarancin albashinsa a Kano Naira 71,000 ne, maganin kowane wata yana gogayya da buhun masara da kuɗin makaranta. Abin da mutane ke yi shi ne su raba ƙwaya biyu, ko su sha yau su tsallake gobe. Ya fi kyau a faɗa wa likita gaskiyar aljihu, domin sau da yawa akwai irin maganin mai rahusa da wani kamfani ya yi. Ma'aikatan jiha da ake cire musu kuɗin Hukumar Taimakekeniyar Lafiya ta Kano, KSCHMA, da na tarayya da ke ƙarƙashin NHIA, su je asibitin da suka zaɓa su tambayi abin da tsarin ya ƙunsa na gwaji da magani, tun da kuɗinsu ne. A kuma sayi magani a kantin da ke da rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Masu lasifika a bakin kasuwa da ke alƙawarin raba mutum da suga cikin mako biyu suna samun ciniki ne saboda suna faɗin abin da kunne ke so. Babban haɗarinsu shi ne suna sa a ajiye maganin asibiti, kuma babu wanda ya san abin da ke cikin jarkar ko abin da zai yi wa ƙodar da cutar ta riga ta fara taɓawa. Zogale da shuwaka ganye ne masu kyau a miya. A ci su a matsayin abinci, a ci gaba da shan magani.

Ƙafa, ido da ƙoda

Suga mai yawa yana kashe jijiyoyin ji a ƙafa sannu a hankali. Farko a ji kamar ana tsira allura ko zafin barkono da dare, daga baya a daina jin komai. Mutum zai taka ƙusa ko ya tsaya a kan simintin harabar masallaci da rana ta gasa ranar Juma'a, ya ƙone bai sani ba. Da hunturu kuma ga faso, ga kaskon wuta da ake miƙa wa ƙafa. Ƙaramin rauni ya zama gyambo, a ce jifa ne ko sammu, a yi ta shafe-shafe a gida har ƙashi ya kamu. Alwala sau biyar dama ce ta duba ƙafa: a leƙa tafin, a duba tsakanin yatsu, a tsane su da kyau. A shafa mai a dunduniya ban da tsakanin yatsu. A zazzage takalmi kafin a sa. A guji reza da askar masu yankan farce na kan titi, a yanke farce a miƙe da abin yanka na gida. Raunin da ya kwana biyu bai nuna alamar warkewa ba na asibiti ne.

Ido da ƙoda ba sa ba da sanarwa sai ɓarna ta yi nisa, don haka ana duba su sau ɗaya a shekara ko da mutum yana jin garau. Duban ido na mai ciwon suga ya wuce karanta haruffa a bango: ana ɗiga magani a buɗe ƙwayar idon a leƙa bayansa, kuma ana yin sa a asibitin Malam da asibitin ido na ECWA da sauran asibitocin ido na birnin. Na ƙoda gwajin fitsari ne da na jini. Hawan jini kuwa a auna shi a kowace ziyara, domin shi da suga idan suka haɗu su ne ke kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki.

Azumi

A Kano azumi yakan kai awa 13 zuwa 14, wani lokaci a tsakiyar bazara. Wani bincike da aka yi a tsakanin Musulmi a ƙasashe 13 a 2001 ya samu cewa kusan kashi 79 cikin 100 na masu nau'i na biyu suna yin azumin aƙalla kwana 15, kuma faɗuwar suga mai tsanani ta ninka fiye da sau bakwai a watan. Da yawa suna iya azumi lafiya, musamman masu shan metformin kaɗai da sugansu ya daidaita. Wasu kuwa, irin masu ciwon ƙoda da masu juna biyu da waɗanda suga ya taɓa sumar da su kwanan nan, likitoci suna hana su, kuma sauƙin da shari'a ta yi wa marar lafiya sananne ne ga kowane malami.

Wanda zai yi ya ga likita tun a Rajab, mako shida zuwa takwas kafin watan, domin a sauya masa lokaci da adadin magani. Ya jinkirta sahur, ya sa wake ko ƙwai ko nono a ciki, ya sha ruwa sosai tsakanin Magariba da Asuba. A buɗa-baki ya yi hattara da jerin kunu da ƙosai da soyayyen dankali da zoɓo da ake jerawa kafin a kai ga tuwo. Ƙa'idojin da likitoci suka tsara tare da shawarar malamai sun bayyana cewa tsira yatsa don gwajin jini ba ya karya azumi, kuma an fi bukatar gwajin da rana tsaka da bayan La'asar. Idan na'ura ta nuna ƙasa da 3.9, ko sama da 16.7, wato 300, ko mutum ya ji jiri da rikicewa, ya sha ruwa nan take ko da saura minti goma a kira salla, ya rama daga baya.